Sarƙa a Ƙafar Kashim

Da hantsi suka kama shi, yana tsugune a tsakar gida yana shan koko. Ni na dama kokon. Ina tsaye da ludayi a hannu babban wanmu, Ya Mele, ya shigo da ƙarti uku daga cikin masu yi masa dakon buhuna a kasuwar hatsi ta Babura. Ko sallama ba su yi ba. Ɗaya wan nawa, Ya Kashim, ya ɗaga kai ya yi musu murmushi, ya ɗauka kaya za a fitar daga ɗakin baya. Kafin ya ajiye kwanon sun danne shi.

"Lafiya? Ya Mele, lafiya? Me na yi?"

"Ku riƙe shi da kyau," in ji Ya Mele. "In abin ya motsa masa ƙarfin mutum goma gare shi."

Ƙarfin mutum goma! Ya Kashim ɗin da in iskar hadari ta taso muke ce masa ya riƙe bishiya kada ta tafi da shi. Haka suka ja shi yana turjewa har ɗakin baya, inda ake jibge wake kafin a kai sito. Sarƙar da ake kulle ƙofar sito da ita aka zagaya masa a ƙafar dama, aka ɗaura ɗaya bakin a ƙarfen taga, aka datse da kwaɗo biyu. Na waiga wajen mahaifiyarmu, Hajja Kaka, ko za ta ce wani abu. Tana zaune a bakin ɗakinta da carbi, ta juya fuskarta bango. A nan na gane da saninta aka yi.

Ciwon da aka ce yana damun Ya Kashim waƙa ce. Gambarar zamani yake yi, wadda samari ke kira hip-hop, amma irin ta da, wadda ya koya daga tsofaffin kaset-kaset da direbobin Magarya ta Nijar ke shigowa da su tun yana ɗan makaranta. Ganga ɗaya mai nauyi, murya tsirararta ba a gyara ta da na'ura ba, magana kuma a kan abin da ke damun talaka. Ba ya waƙar soyayya, ba ya yabon kowa. Kuma ba ya rubutu, a ka yake shirya komai. Yana gyaran babur a bakin tasha bakinsa na motsi. Yana tafiya yana bugun ƙirji da tafin hannu don ya riƙe kiɗan, wani lokaci ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya maimaita layi ɗaya sau goma yana nuna iska da yatsa. Shekara da shekaru haka yake, kowa ya sani, har tsokanarsa muke yi muna ce masa rediyon gidanmu. Ba wanda ya taɓa kiran abin hauka sai da ya yi waƙar wake.

Wani ɗan acaɓa ne da yake kawo masa gyara, 'ya'yansa biyu suka ci wake da shinkafa suka kama amai da shure-shure, ƙaramin bai tashi ba. Ya Kashim ya yi sati yana bugun ƙirji, sannan ya hau mota zuwa Kazaure wajen abokinsa Shafi'i mai ɗan situdiyo. Abin da ya dawo da shi har yanzu yana kunnena:

Ka zuba wa wake maganin feshi,
Ka ɗinke buhu, ka wanke hannu da toka da yashi,
Kai ba ka ci, 'ya'yanka ba sa ci,
Ɗan wa ka ware wa wannan ɗaci?

Bai kama sunan kowa ba. Amma duk wanda ke gidanmu ya san abin da Ya Mele ke yayyafa wa wake a ɗakin baya don kada ƙwaro ya ci, kuma ya san waken tukunyarmu daga wani buhu daban ake ɗebo shi. Waƙar ta bi wayoyi. Ranar kasuwa masu saye daga Nijar suka fara cusa hanci cikin buhu kafin su yi ciniki, wasu su sunsuna su wuce. Ya Mele bai ce da Ya Kashim uffan ba. Ni ya kira, ana gobe za a kama shi, a gaban Hajja.

"Zulaikha, tsakaninki da Allah. Kina ganin Kashim yana magana shi kaɗai ko ba kya gani?"

"Ina gani, Ya Mele. Ai waƙa..."

"Yana dukan ƙirjinsa ko ba ya duka?"

"Yana yi."

"To, Hajja, kin ji da kunnenki."

Ban yi ƙarya ba ko ɗaya, amma da bakina aka ɗaure shi.

Ranar farko ihu ya wuni yana yi. Yana jijjiga sarƙa yana kiran Hajja, yana kiran maƙwabta da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Suka kuwa zo, suka cika zaure. Ina laɓe a bayan ƙyaure ina jin Ya Mele yana yi musu bayani da murya mai ban tausayi, har da ajiyar zuciya.

"Mun daɗe muna rufawa, wallahi. Yanzu abin ya fi ƙarfinmu. Kuna dai jin sa. In na bar shi a waje ya illata ɗan wani, wa za a kama? Gara a ce na yi rashin tausayi da a ce na yi sakaci."

Suka ce gaskiya ne, Allah ya ba shi lafiya, Allah ya saka wa Alhaji Mele da alheri. Mutanen da Ya Kashim ya sha liƙe musu taya a kyauta, ba wanda ya ce bari in leƙa in gan shi da idona. Ihun da yake yi na a zo a cece shi, shi ne ya zama shaidar haukan.

Ni aka ɗora wa kai masa abinci. Da na buɗe ƙofar da la'asar warin fiya-fiya, maganin ƙwarin da ake zuba wa wake, ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. An kwashe buhunan, amma warin ya kama ƙasa da bango. Yana zaune a kan tsohuwar tabarma, muryarsa ta dishe.

"Zulaikha, kin san lafiyata ƙalau."

"Na sani, Ya Kashim."

"To ki kira Shafi'i. Ya Mele ya ɗauke wayata. Ki ce masa ya zo da mutane."

Na ce to. Ban kira ba. Aurena ya mutu, ina zaune a gidan nan da 'yata Mu'minat mai shekara huɗu, kuma tun da safe Ya Mele ya tare ni a bakin madafa ya ce, cikin ruwan sanyi, dangin ubanta a Roni sun daɗe suna neman a ba su ita, shi ne yake hanawa. Bai ƙara komai a kai ba. Ni kuwa na fahimta sarai. Wayata tana ɗaure a bakin zanina kwana da kwanaki, in na taɓa ta sai in janye hannuna.

A rana ta uku aka kawo wani mai magani, Daudu, gajere mai jan ido, da jaka da kasko. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya dubi Ya Kashim sau ɗaya ya girgiza kai, wai tun daga zaure ya ji nauyin aljanun da ke jikinsa. Ya Kashim ya gaishe shi cikin ladabi ya ce, "Malam, ni lafiyata ƙalau, sharri aka yi mini." Daudu ya juya ya dubi Hajja.

"Kin ji ko? Haka suke cewa. Duk wanda na taɓa yi wa aiki da haka yake farawa."

Ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa wani gari da ya fi kama da barkono, ya tura cikin ɗakin ya ja ƙofa. Muna tsaye muna jin tarin Ya Kashim, tari har da kakari, yana dukan ƙofa da hannu. Mu'minat ta ƙanƙame ƙafata tana kuka. Daudu ya ce ba shi ne ke tari ba, su ne ke ƙonewa. Kafin ya tafi ya bar doka: duk lokacin da aka ji ya fara surutun nan mai sauri, ba shi ba ne, kuma a tsula masa tsumagiya har ya yi shiru. In ya yi shiru da yawa ma kada a saki jiki, laɓewa suka yi. Na tsaya ina juya maganar a raina. In ya yi magana hauka ne, in ya yi shiru hauka ne. Ban ga ƙofar da aka bar masa ba.

Duk da haka bai daina ba. Da rana in gida ya yi tsit sai in jiyo bugun ƙirjin nan a hankali, dum, dum-dum, da muryarsa ƙasa-ƙasa. Wata rana da na kai masa tuwo na roƙe shi.

"Don girman Allah ka bari, Ya Kashim. Jiya ka ga yadda aka farfasa maka baya."

"In na bari me zan riƙe?" ya ce. "Ba rana, ba mutane, sai warin nan. Da baitin nake gane yau ba jiya ba ce. Kullum ina ƙara layi huɗu. Ranar da na kasa haɗa layi huɗu, ranar ki ji tsoro."

Ni kuwa tun kafin ranar tsoron ya riga ya kama ni.

A sati na biyu Ya Mele ya gaji da tsumagiya, wai hannunsa na ciwo kuma maƙwabta na jin ƙara. Ya shigo da wasu ƙwayoyi farare a ƙullin leda, ba kwali ba takarda, ya ce wani mai kemis ne ya ba shi, maganin natsuwa ne. Ya danƙa mini. Biyu da safe a koko, biyu da yamma a miya.

"Ya Mele, ba a kai shi asibiti ba? In likita ya..."

"Asibiti? Ki kai shi asibiti gari ya ɗauka gidanmu akwai tabin hankali a jini? Wa zai aure ki? Wa zai auri 'yarki gobe? Rufin asirinku nake yi, ke ba ki sani ba."

Na murƙushe su da bayan cokali na zuba. Hannuna ne ya dama, hannuna ne ya miƙa masa, ya karɓa ya ce sannu da aiki. Cikin kwana uku wuyansa ya sanƙare, harshensa ya yi nauyi, yawu na zuba ta gefen baki. Hannayensa suka kama karkarwa. In ya ɗaga hannu zai bugi ƙirji sai ya tsaya a hanya, kamar ya manta inda za shi. Ya Mele ya kira Hajja ta leƙa, ya ce, "Kin ga abin da nake gaya miki? Yanzu ciwon ya fito fili."

Shafi'i ya zo da kansa ba tare da na kira shi ba. Ya ji shiru ne ya hau babur daga Kazaure. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji sallamarsa, na ji Ya Mele ya fita.

"Alhaji, na zo duba Kashim ne. An ce ba shi da lafiya."

"Kai ne mai kiɗan? Kai ka lalata mana yaro, sannan ka zo dubiya?"

"Alhaji, ba yaro ba ne, ya kusa talatin. Kuma ana gobe za a ce ya kwanta mun yi waya, lafiyarsa ƙalau. Minti biyu kawai, in gan shi in tafi."

"Mai magani ya hana. In ka sake taka ƙofar gidan nan, zan ce kai kake ba shi abin da yake sha."

Taku goma ne tsakanina da zaure. Da na ɗaga murya na ce, Shafi'i, yana ɗakin baya a ɗaure, da ya ji. Na buɗe baki har sau biyu. Mu'minat tana gefena tana wasa da kumfar sabulu. Na ji ya tayar da babur, na ji ƙarar tana nisa, ni kuma ina ta cuɗa kwano ɗaya da ya riga ya fita.

Da yammar ranar na sami Hajja a ɗakinta na durƙusa.

"Hajja, ke kika haife shi. Kin san Ya Kashim ba mahaukaci ba ne."

Ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Mai hankali zai tona wa gidansu asiri a bainar jama'a? Mai hankali zai sa wansa ya kasa ɗaga kai a kasuwa? Ko da can ban taɓa jin daɗin wannan surutun nasa ba. Waƙa ba kalangu ba garaya, sai haki da nuna yatsa kamar mai faɗa da wanda ba a gani."

"Amma yaron da ya mutu fa, Hajja?"

"Kwanansa ne ya ƙare. Kowa a kasuwa yana zuba magani, Mele kaɗai aka gani? Ke dai ki yi abin da aka sa ki. Kwana nawa ne? Ya huce, Mele ya huce, a sake shi."

Tana faɗa hawaye na bin fuskarta. Ta san gaskiya, ta zaɓi ɗan da ke riƙe da gidan.

Sai labari ya zo cewa Baffa Haladu, ƙanen mahaifinmu da ke Gwiwa, zai zo ranar Asabar ya ga abin da ake ciki. Shi kaɗai ne mutumin da Ya Mele ba ya iya musa wa. Dattijo ne mai gaskiya, manomi, bai iya kwana-kwana ba. Na ce a raina in akwai mafita to wannan ce. Tun daga Talata na daina zuba ƙwayar. Ina murƙushe ta a gaban Ya Mele, in ya juya in watsa a toka. Kwana huɗun nan ko abinci ban iya ci ba, motsi kaɗan in ji kamar an kira sunana.

Ranar Juma'a idon Ya Kashim ya washe. Ya dube ni ya ce, "Zulaikha," yadda ya saba faɗa. Na tsuguna kusa da shi na gaya masa komai, har da abin da nake zuba masa a koko. Bai zage ni ba. Ya dai kalli hannuna.

"Gobe Baffa zai zo," na ce. "Ka gaishe shi, ka tambaye shi gona, ka tambaye shi iyali. A hankali. Kada ka yi waƙa, Ya Kashim. Na roƙe ka."

"Gaisuwa ai ko mahaukaci yana yi," ya ce. "Kin ji abin da Daudu ya faɗa, za su ce laɓewa suka yi. Amma mahaukaci ba ya haɗa layi sittin, kowanne ya faɗa a kan ɗan'uwansa, ba tuntuɓe ba mantuwa. Wannan ko wane ne ya ji ya san da hankali aka yi shi."

"Baffa bai san wannan ba."

"Zai gane. Magana ce, Hausa ce."

Baffa Haladu ya iso da hantsi a bayan ɗan acaɓa, da ƙullin gyaɗa na tsaraba. Aka buɗe ɗakin. Da ya ga sarƙar ya ɓata rai, ya juya ya dubi Ya Mele.

"Mele, ɗan'uwanka ne wannan ko akuya? Kawo makulli."

Ya Mele ya sa hannu a aljihu, jikinsa a sanyaye. Baffa ya tsuguna a gaban Ya Kashim.

"Kashim, ka gane ni?"

"Na gane ka, Baffa. Barka da zuwa. Ya gona? Ya su Inna Saude?"

"Lafiya lau. To gaya mini, me ke damunka?"

Da ya amsa da magana irin ta kowa, da ranar ya fita. Amma mutumin da ya yi sati uku yana tara magana a ƙirji, aka ce masa faɗi. Na ga hannunsa ya tashi. Na girgiza masa kai, bai ko dube ni ba. Ya miƙe tsaye, sarƙa ta yi ƙara, ya fara bugun ƙirji.

Baffa, ga ni, ga sarƙa, ga ƙafata,
Ban zagi uwa ba, ba na sata,
Na ce guba guba ce, shi ne laifina,
In hauka ne wannan, ku auna hankalina.

Ya ci gaba, layi na bin layi. Ya faɗi ranar da aka kama shi, ya faɗi hayaƙin, ya faɗi tsumagiya, ya faɗi buhun da aka ware wa tukunyar gida. Tun da nake jin waƙoƙinsa ban taɓa jin wadda ta kai wannan ba, ko kalma ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Amma ni nake jin kalmomin. Abin da Baffa ke gani daban ne: mutum da gashi cukurkuɗe, ido ja, busasshen yawu a gemu, yana dukan ƙirjinsa yana nuna bango da yatsa, magana na zubowa da saurin da kunnen tsoho bai saba da shi ba. Baffa ya ja da baya. Ya sake ja har ya bugi ƙofa, bakinsa na karanto addu'a.

"Baffa, ka saurara!" na ce. "Waƙa ce, ka ji abin da yake faɗa!"

"Wace irin waƙa, 'yar nan? Na ji waƙar noma, na ji ta maƙera, na ji ta 'yan dambe. Wannan ba muryar Kashim ba ce." Ya juya ga Ya Mele, idonsa ya ciko. "Ka yafe ni, Mele, na zarge ka. Mayar da makullinka. Allah ya ba ka ladan jinya."

Aka ja ƙofa Ya Kashim bai kai layi na talatin ba. Muna jin sa daga ciki yana ci gaba, muryar na raguwa, har ya tsaya a tsakiyar layi.

Ya Mele ba wawa ba ne. Ya ga idon Ya Kashim ya washe, ya san daga inda aka samu. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki Mu'minat ya ɗora a cinya yana mata wasa, ya tambaye ta ko tana son zuwa Roni ta ga kakarta, yana faɗa yana kallona. Daga ranar shi yake ba da ƙwayar da hannunsa, uku-uku, kuma sai ya tsaya ya ga an haɗiye.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawon faɗa. Bugun ƙirjin ya ɗauke. Na kan tsaya a jikin ƙofa in kasa kunne, ba abin da nake ji sai ƙudaje. Sarƙar ta ci fatar idon sawunsa, wurin ya kumbura ya fara ruwa. In na shiga da abinci sai ya ja jiki ya maƙure a lungu ya kare kansa da hannu. Na ce, "Ya Kashim, ni ce, Zulaikha. Layi nawa ka haɗa yau?" Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Wata rana na tarar ya yi fitsari a inda yake zaune bai ma matsa ba. Na fito na shiga bayan gida na toshe bakina da mayafi na yi kuka, don ko kukan tsoron yi nake a ji.

Unguwa kuwa ta saba. Mata in sun shigo barka ko aron turmi sai su ce, ya mai jiki? Hajja ta ce da sauƙi, ya daina surutun. Su ce alhamdu lillahi, magani ya karɓe shi. Waƙar waken ma aka daina sa ta a kasuwa, don wa zai tsaya sauraron maganar mahaukaci? Masu saye suka daina sunsuna buhu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba wanda ya yi mugunta da fuskar mugu. Kowa da hujjarsa mai kyau, daga mai rufin asiri sai mai biyayya sai mai gudun shiga sha'anin gidan wani. Ni ma da tawa, 'yata. Da hujjojin nan namu aka taru aka kashe mutum yana numfashi.

A kwana na hamsin da uku zazzaɓi ya rufe shi, ƙafar ta yi suntum tana wari. Ya Mele ya buɗe kwaɗon da kansa. Yanzu ba abin da yake tsoro. Ya sa aka ɗauko Ya Kashim aka sa a motarsa, ya bi ta tsakiyar kasuwa a hankali gilashi a sauke, yana amsa sannu da ɗawainiya ta kowane gefe. Muka nufi asibiti a Kazaure, ni da Hajja muna riƙe da shi a baya.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta duba ƙafar, ta ga zoben gyambon da ya zagaye ta, ta ɗaga rigarsa ta ga bayansa. Ta haska idonsa. Sannan ta zauna ta ɗauki biro.

"Tun yaushe ya fara rashin lafiyar?"

"Ai likita, tun yana yaro ake ganin alamu," in ji Ya Mele. "Magana shi kaɗai, duke-duken jiki. Mun yi iya ƙoƙarinmu a gida."

"Wa ke ba shi abinci?"

Hajja ta nuna ni. Likitar ta juyo.

"Ke me kika gani? Yaushe ya fara?"

Ya Mele ya zuba mini ido. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, irin wanda ya yi mini da Mu'minat a cinyarsa. Na dafa tebur.

"Ranar da muka ɗaure shi," na ce. "Kafin nan lafiyarsa ƙalau. Mawaƙi ne."

Na faɗi sauran duka, da sarƙar da hayaƙin da ƙwayar da hannuna ya dama. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Ya Mele ya tashi ya fita ya bugo ƙofa. Hajja ta rufe fuska da mayafi. Na san abin da ke jirana a gida, amma ba shi nake dubawa ba. Ya Kashim nake kallo, ko zai ɗaga kai ya ji an faɗa, ko sau ɗaya, a gaban wani.

Bai ɗaga ba. Sai da ma'aikaciyar jinya ta matso da almakashi da bandeji ta kama ƙafar damansa, sannan ya zabura. Ya miƙa mata ƙafar da kansa, ya kare kansa da hannu biyu, ya yi magana a karo na farko cikin sati uku.

"Na daina," ya ce. "Ku gaya wa Ya Mele na daina. Wallahi ko a zuci ba na yi."